Ƙadangaren yarona da tafiyar kwana biyu cikin sanyin Janairu, a ba ni shawara

Baban_Sadik:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na san akwai masu dariya, to bismillah, ni ma da wani ne ya kawo wannan magana shekara uku baya da sai na riƙe ciki. Amma bayan an gama dariyar don Allah a taimaka min, lokaci ya ƙure.

Muna zaune a Winifeg, a lardin Manitoba na Kanada. An yi min canjin wurin aiki zuwa Kalgari, a lardin Alberta, kuma a tsakiyar Janairu zan kama aiki. Kayan gida babbar mota ce za ta kwasa, mu kuma, ni da uwargida da yara biyu, za mu bi a tamu. Tafiyar ta haura kilomita 1,300 a kan babbar hanya mai lamba 1, kamar mutum ya taso daga Legas ya wuce Kano ya ƙara gaba. Ba za mu iya cinye ta a yini guda ba, sai mun kwana a hanya. Yau da asuba da na fita tayar da mota, ma'auni 27 ƙasa da sifili ya nuna, kafin in kai ƙofar mota gashin hancina ya daskare.

Matsalar ita ce Ɗan Gemu. Ƙadangare ne irin na Ostareliya, mai ƙaya-ƙaya a ƙarƙashin haɓa, wanda Turawa ke kira biyadid diragon. Na ɗan maƙwabcinmu ne, da yaron zai tafi jami'a aka rasa mai riƙe shi, Sadik kuwa kullum yana gidan yana leƙen akwatin, sai aka ba shi. Ranar da ya shigo da shi uwargida cewa ta yi ko ita ko ƙadangaren a gidan nan. Yau ita ke yanka masa ganye kafin ta ɗora ruwan shayi, in kuma ya ƙi ci ita ke fara damuwa. Shekarunsa biyar, tsawonsa har wutsiya ya kusa rabin mita, kuma in ka ɗora shi a kafaɗa sai ya lafe kamar jariri.

A gida ba mu da matsala. Yana cikin babban akwatin gilashi mai fitila biyu, ɗaya ta zafi, ɗaya mai hasken da ke maye masa gurbin rana. A ƙarƙashin fitilar zafi wurin yana kai digiri 40, ɗaya gefen kuma kamar 25, shi ke zaɓar inda zai kwanta. Da dare mu kashe fitilu, gidan yana kan 21, ya yi barcinsa.

Sau ɗaya na taɓa fita da shi a sanyi, bara, zuwa wurin likitan dabbobi. Tafiyar minti 15 ce. Na naɗe shi a bargo biyu, na sa a kwali, ina ganin na yi dabara. Da muka isa na buɗe, jikinsa kamar ka taɓa ƙarfen famfo da asuba, gemun ya koma baƙi ƙirin, ido a rufe, ko motsi ba ya yi. Sadik ya fashe da kuka a gaban mutane. Ya farfaɗo daga baya, amma ban manta ba. In minti 15 ta yi masa haka, kwana biyu fa?

Abin da nake tunani shi ne in ƙara bargo, in sayi irin 'yan ƙunshin nan da muke sawa a safar hannu su yi zafi, in jera masa su a ciki. Na kuma yi tunanin in bar shi a akwatinsa na gilashi babbar mota ta tafi da shi. Jirgi kuwa na tambaya, kyanwa da ƙaramin kare kawai suke bari a shiga da su. Wanda ya taɓa irin wannan tafiya ya faɗa min: a me zan sa shi, zafi nawa ya kamata, in ba shi abinci a hanya ko kuwa, sannan yaya za mu yi a otal?

Ɗan_Kurmi:

Wa alaikumus salam. Ikon Allah sai kallo. Baban Sadik, mu nan ƙadangaru sun ishe mu a katanga, kai kana can kana saya wa naka fitila har biyu. Ka turo kuɗin mota in cika maka buhu da jan gwada, kyauta, ba ruwansu da likita. Wannan shi ne ainihin ƙadangaren bakin tulu, a kashe ka a fasa tulu, a bar ka ka ɓata ruwa. Ka bar shi a Winifeg yaro ya daina yi maka magana, ka tafi da shi ka kwana kana gadi.

Amma ban da wasa, ka tuna yadda suke yi a nan in hunturu ya kankama. Da sassafe ba ka ganin ko ɗaya. Sai hantsi ya ɗaga su fito a katangar da ke kallon gabas, su baje ciki a jikin bulo, kala ta dushe, jan kan ma ba ya fita sosai. Muna yara a lokacin muke kama su da hannu, don ba sa iya gudu. Can wajen ƙarfe goma sha ɗaya in jiki ya ɗau zafi, ko da danƙo sai ka yi da gaske. Ban taɓa ganin ƙadangare ya nemi tsumma ya lulluɓa ba, rana yake nema ko dutse mai ɗumi. Ni dai a nan nake ganin bargonka ya samu matsala. Masana su ƙarasa.

Ɗan_Damagaram:

Malam Baban Sadik, sannu da ɗawainiya. Mutumin Kurmi da wasa ya faɗi gaskiyar magana. Ina zaune a Jamus, shekara takwas ina riƙe da ƙadangaru biyu masu ƙayar wutsiya, irin waɗanda ake samu a duwatsun Ayar can arewacin Nijar da kudancin Aljeriya. Na ƙaura da su sau biyu a lokacin sanyi, don haka bari in faɗa maka yadda nake yi.

Farko dai ka cire bargo daga lissafi a matsayin abin ɗumama. Bargo ba ya haifar da zafi, tsare wanda ke akwai yake yi. Ni da kai jikinmu murhu ne, yana kan digiri 37 dare da rana, shi ya sa in mun lulluɓa muke jin ɗumi. Ƙadangare ba shi da wannan murhun, zafin wurin da yake shi ne zafin jikinsa. Ka naɗe kwalbar ruwa da bargo goma ka ajiye a waje, da safe ƙanƙara za ka tarar. Abin da ya faru da kai bara ke nan. Har ma in motar ta ɗau ɗumi daga baya, bargon ne zai hana ɗumin isa gare shi da wuri.

Akwatin gilashi kuma kar ka fara. Gilashi ba ya riƙe zafi, zai yi ta zamewa a ciki duk sanda aka taka birki, sannan bayan babbar mota ba hita, sanyin waje shi ne sanyin ciki. Gawa za a sauke maka.

Abin da kake buƙata kula ce. Ko ta roba irin ta zuba lemo, ko farin akwatin soso mara nauyi irin wanda ake kawo kifi ko magani a ciki. Ka tuna akwatin da masu allurar foliyo ke ratayawa suna bi gida-gida a rana tsaka, ƙanƙarar ciki ba ta narke ba? Aikin ɗaya ne, sai dai kai ɗumi za ka tsare. Ka huda ƙananan ramuka huɗu zuwa shida a sama don iska. A cikin kular ka sa ƙaramin akwatin roba mai murfi, shi ma a hude, wanda zai ishe shi ya miƙe ya juya amma ba mai faɗin da zai riƙa gangarawa ba. Ka shimfiɗa tawul a ƙasa don faratansa su samu abin kamawa. Ka cike gefe da gefe da jaridu a dunƙule don ƙaramin akwatin kar ya yi yawo. Duhun ciki alheri ne gare shi, zai ɗauka dare ne ya kwanta.

Sai ma'aunin zafi mai waya, irin wanda kan wayar ke ciki allon yana waje. Wannan ya fi komai muhimmanci a kayan nan, kuma ba shi da tsada. Ka liƙa kan wayar a inda dabbar ke kwance, ba kusa da abin ɗumama ba. Ka ba Sadik allon, aikinsa ke nan har Kalgari. Abin da kuke nema tsakanin 21 da 27. Ba sai ya kai 40 ɗin gida ba, wancan na shan hantsi da narkar da abinci ne. In ya sauka 18 na ɗan lokaci ba abin tashin hankali ba ne, a ƙasarsu ta asali a tsakiyar Ostareliya dare na yin sanyi fiye da haka, sukan shige rami su lafe. In ya doshi 15 ku ɗau mataki. In ya haura 30 ku buɗe murfi nan take.

Yanzu maganar 'yan ƙunshin safar hannu. Abin da ke cikinsu garin ƙarfe ne da gishiri da gawayi da ɗan danshi. In ka yage ledar iska ta shiga, ƙarfen ya fara tsatsa da sauri, tsatsar ce ke ba da zafi. Na safar hannu an yi su ne su yi zafi da wuri, suna iya wuce digiri 55, sannan su mutu bayan wasu sa'o'i. A ƙaramin akwati rufaffe wannan gashi ne. Akwai waɗanda aka yi musamman don aika kifi da dabbobi masu rarrafe, ana rubuta sa'a 40 ko 72 a jiki, irin su UniHeat. Su zafinsu a hankali yake tashi kuma ya daɗe. Guda ɗaya ya isa. Ka buɗe shi kamar sa'a guda kafin ku tashi don yana jinkirin kamawa, ka naɗe shi a takarda, ka liƙa a cikin murfin kular, gefen mai ƙananan huji yana kallon ciki don ya sha iska. Kar ya taɓa jikin dabbar ko kaɗan. Kuma tunda iska yake ci, ita ce dai iskar da ƙadangaren ke shaƙa, kar ka toshe ramukan nan don tsoron sanyi.

Gaskiya ma in hitar motarka lafiya take, ciki yana kan 22, ƙila ba za ka buƙaci ƙunshin ba sam. Ka riƙe shi don ko-ta-kwana. Mai yanke hukunci shi ne ma'auni. Ni abin da nake yi, kwana uku kafin tafiya nakan haɗa komai ba dabba a ciki, in sa a mota in yi zirga-zirgata ta yini, ina duba allo. A gwajin farko da na yi da ƙunshi biyu, 34 na gani. Da ban gwada ba da na dafa su.

Abinci: ka daina ba shi kwana biyu kafin tafiya, musamman gyare da tsutsa. Cikinsu ba ya narkar da abinci sai da zafi. In ya ƙoshi sannan ya shiga sanyi, abincin zai zauna a ciki ya lalace, ko ya amayar. Babba mai shekara biyar kwana huɗu ba ci ba abin da zai yi masa, balle yanzu lokacin da da yawansu ke rage ci da kansu. Ana gobe tafiya ka sa shi a ruwa mai ɗumi-ɗumi minti goma, ya sha, galibi a nan zai yi kashi, ka huta da wari a mota. Ka tsane shi sosai kafin ya shiga akwati. Kar ka sa kwanon ruwa a ciki, zai zube, jiƙaƙƙen tawul kuma sanyi yake ja.

Baban_Sadik:

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara sani. Wallahi misalin kwalbar ruwan nan ya buɗe min ido, shekara guda ina zargin kwalin ashe ni ne. Tambaya biyu. Uwargida ta ce me zai hana jakar ruwan zafi ta roba, muna da ita. Sannan a ina zan ajiye kular, gaba kusa da hita ko baya wurin yara?

Ɗan_Damagaram:

A gaishe da Hajiya, shawararta ba laifi, amma da sharaɗi. Ruwan ya zama mai ɗumi wanda za ka iya barin hannunka a ciki, a naɗe jakar da tawul, a sa ta a wajen ƙaramin akwatin, a tokare ta yadda ba za ta mirgina ba. Aibinta biyu: bayan sa'a biyu zuwa uku ta huce, in kuma ta tsiyaya an shiga uku. In za ku yi amfani da ita ku riƙe filas, kuna sabunta ruwan a gidajen mai.

Kular a kujerar baya, a ɗaure da bel kamar mutum. Ban da ƙasan mota, nan ne ya fi sanyi, ban da jikin ƙofa, ban da but. Kar iskar hita ta buga mata kai tsaye, kuma in rana ta fito ta faɗo ta taga a kanta, ku yafa mata wani abu mai haske ko ku matsar.

Mai_Tirela:

Ni ban san komai a kan ƙadangare ba, amma hanyar nan ita ce ofishina, shekara shida ina jan tirela tsakanin Winifeg da Kalgari. Yallaɓai, abin da ya kamata ka ji wa tsoro ba lokacin da mota ke tafiya ba ne, lokacin da ta tsaya ne.

A irin sanyin 25 ko 30 ƙasa da sifili, ka kashe mota ka shiga cin abinci, kafin ka gama cikin motar ya koma firiza. Don haka doka ta farko, kular ba ta zama a mota ita kaɗai. Ko a shiga da ita, ba wanda zai tambaye ka me ke cikin kula, ko a yi karɓa-karɓa wani ya zauna mota tana aiki. Da safe ma ka tayar da mota ta yi ɗumi sosai tukuna, Ɗan Gemu shi ne na ƙarshen fitowa daga gida kuma na farkon shiga otal.

Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu ba itace, iska ke kwaso dusar ƙanƙara ta watsa a kan kwalta har ka daina ganin motar gabanka. Ko tsakanin Winifeg da garin Portage la Prairie ma akan rufe hanya saboda haka. Ka duba 511 na kowane lardi, wato lambar waya da shafin da ke ba da labarin halin da hanya take ciki, kafin ka fito, in sun ce a dakata ka dakata, aiki ba zai gudu ba. Kar tankinka ya sauka ƙasa da rabi. Ka sha mai a Brandon, wajen kilomita 200 da ɗoriya daga Winifeg, ka ƙara kafin Rijaina, babban birnin lardin Saskacewan. Rijaina tana wajen kilomita 570, sauran 750 da wani abu zuwa Kalgari. Wasu kan matsa har Moose Jaw ko Swift Current don gobe ta yi sauƙi, amma da yara, ga rana na faɗuwa tun wajen ƙarfe biyar, ni dai a Rijaina zan kwana. Ka nemi otal mai wurin jona wayar ɗumama inji a filin ajiye motoci, in ba haka ba da safe ka murɗa makulli ka ji shiru.

In Allah Ya kiyaye mota ta mutu ko kun maƙale, kar kowa ya fita tafiya a ƙasa. In injin na aiki, ka riƙa tayarwa kana kashewa don mai ya kai ku, kuma kowane lokaci ka leƙa ka tabbata dusar ƙanƙara ba ta toshe salansa ba, don hayaƙin in ya dawo ciki ba wari ba kala, barci kawai za ku ji. Shi kuwa mutumin naku, tunda malamin Jamus ya ce mu murhu ne, ka zura shi cikin riga a ƙirjinka ka ja zif. Ranar nan kai ne fitilarsa.

Maman_Zahra:

Sannunku. Ina aiki a wani asibitin dabbobi a arewacin Ingila, ba likita ba ce ni, mai taimaka wa likita ce, amma irin waɗannan suna zuwa mana duk lokacin sanyi. Ina so in ƙara nauyi a kan abu ɗaya da aka faɗa, don na ga kamar hankalin Baban Sadik duk yana kan sanyi. Waɗanda aka kawo mana sun sandare da sanyi yawanci suna tashi. Waɗanda aka kawo an gasa su ne ke ba mu wahala. Sanyi a hankali yake kama su, yana ba ka lokaci. Zafi a rufaffen akwati cikin mintuna yake gamawa da dabba, don ba ta da inuwar da za ta gudu. Kuma in suka kwanta a kan abu mai zafi ba sa saurin tashi kamar yadda kyanwa za ta yi, sai ka ɗaga ka ga cikin ya ƙone, ƙunar kuma takan yi watanni ba ta warke ba.

Ni kaina na taɓa yi, shi ya sa nake da baki. Farkon fara aikina aka ba ni wata ƙaramar ƙadangaruwa in kai wani reshe, na ɗumama shinkafa a safa na sa mata, ban gwada ba, na kuma ɗora akwatin a kujerar gaba mai hita a jiki na manta a kunne take. Da na tsaya a danja na leƙa, baki a wangame, tana ta kartar bango. Allah Ya rufa asiri. Don haka in kun ji yana ta kartar akwati ba ƙaƙƙautawa, ku duba ma'auni kafin ku ce rigima ce. Ka kuma kula in kujerun bayan motarka masu ɗumi ne.

A nan zan ɗan saɓa wa Ɗan Damagaram. Ni da a ce ni ce, ƙunshin nan ba zan buɗe shi ba sai in ma'auni ya sauka ƙasa da 20 ya ƙi tashi, ko mota ta lalace. Mutum huɗu a mota da hita, da wuya a buƙace shi.

In ya yi sanyi sosai har ya daina motsi, kar a tsoma shi a ruwan zafi, kar a kanga shi a bakin hita. A hankali ake dawo da shi, a jikin mutum ko a ɗaki mai ɗumi, ya ɗauki sa'a guda ko fiye. Kuma kar a yanke cewa ya mutu sai ya ɗumama tukuna, suna iya yin tamkar gawa su tashi. Bayan kun isa ku sa masa ido mako biyu. In kun ga yana numfashi da baki a buɗe alhali ba a ƙarƙashin fitila yake ba, ko majina a hanci da baki, ko wani ɗan ƙara in yana numfashi, ciwon huhu ne ke neman kama shi, sai likita. Ku nemi wanda ke duba dabbobi masu rarrafe a Kalgari tun yanzu, ba kowane asibiti ke karɓarsu ba.

Otal kuma ba wuya. Ku sa ɗakin a 22 ko 23, ku buɗe kular, ku ajiye nesa da taga da ƙofa. Fitilar hasken rana in ya rasa ta kwana biyu ba komai. Ku tambayi otal ɗin tun a waya ko suna karɓar dabba, don kar a tsaya ciniki a kanta da dare. Sannan yara su wanke hannu da sabulu duk sanda suka taɓa shi kafin su ci wani abu, dabbobin nan na ɗauke da ƙwayar salmonela, a mota kuma hannu ɗaya ne ke shafa ƙadangare ya shiga ledar cincin.

Ɗan_Damagaram:

Na karɓi gyara, Hajiya. Nawa 'yan hamada ne, sun fi nasa son zafi, shi ya sa hannuna ke saurin kai wa ƙunshi. Malam, bi nata. Ka dai saya ka riƙe guda biyu a aljihun mota.

Baban_Sadik:

Jama'a mun sauka lafiya tun shekaranjiya, Alhamdulillah, sai yau aka jona mana intanet. Na ga ya kamata in dawo in ba da labari.

Kular lemo muka yi amfani da ita, shuɗiya, wadda muke zuwa da ita filin Idi. Na huda murfin da abin huda katako, uwargida tana kallo tana salati. Gwajin da na yi ba dabba a ciki ya nuna 23 ba tare da ƙunshi ba, sai na bi shawarar Maman Zahra ban buɗe ba. Mun tashi ƙarfe takwas na safe, waje 24 ƙasa da sifili. Daga ƙofar gida zuwa mota taku goma sha biyu ne, na ƙirga, da gudu na yi su rungume da kula kamar wanda ya sato.

Sadik ya ɗauki aikinsa da gaske fiye da kima. Duk minti biyar sai mu ji "Baba 23", "Baba 22 da rabi". Kafin Brandon ƙanwarsa ta ce in bai yi shiru ba za ta jefar da allon ta taga.

Sau biyu hankalina ya tashi. Na farko a gidan mai bayan mun shiga Saskacewan, ƙofofi a buɗe ana fita bayi ana dawowa, ma'auni ya gangaro 19. Ya koma da kansa bayan mun hau hanya. Na biyu shi ne wanda ban zata ba. Rana ta biyu bayan Swift Current gari ya yi garau, rana ta faɗo ta tagar hagu daidai kan kular. Waje 15 ƙasa da sifili, amma sai ga Sadik yana cewa 28, can 29, kuma muna jin ƙarar farce a ciki. Na tuna maganar danja, na tsaya a gefe, muka ɗaga murfi, muka mayar da kular tsakiya, uwargida ta yafa mata farin mayafinta. Cikin minti 20 ya dawo 24. Da na sa ƙunshin nan tun safe ban san me za mu tarar ba.

A otal a Rijaina yarinyar da ke kanta cewa ta yi a buɗe ta gani, ta kira abokiyar aikinta, suka yi ta hoto. Ya kwana a kan tebur, gemu baƙi, yana hararar kowa.

Kuskure ɗaya na yi. Fitilun na bari a babbar mota tare da akwatin gilashi, ita kuma sai da ta ƙara kwana a hanya. Muka iso gidan babu kaya ko ɗaya, sai da na fita neman ƙwan fitila mai zafi da dare, muka ɗaura a kan babbar robar wanki, a nan ya yi kwana ɗaya. Wanda zai yi irin tafiyar nan ya sa fitila a motar da dabbar take.

Jiya bai ci komai ba. Yau da hantsi ya hau dutsensa, ya yi kusan sa'a biyu a ƙarƙashin fitila, kalar ta washe, sannan ya sauko ya ci gyare huɗu da ɗan ganye. Ina sa ido a kan numfashin kamar yadda aka ce. Ƙunshi biyu suna nan a leda ban taɓa ba, in akwai mai buƙata a Kalgari ya yi magana.

Ɗan_Kurmi:

Barka da sauka. A shafa min kan Sadik. Tayin buhun jan gwada yana nan, amma kular lemo da mayafin Hajiya ku za ku kawo.